Kafin Ki Sa Farin Kaya, Kafin Ka Ɗauki Sifana

'Ya'yana, Mahaifinku ya sanar da ni shawarar da kowannenku ya yanke: ke kina son aikin asibiti, kai kuma ka ce gareji za ka. Shi burinsa jami'a, don haka na ji muryarsa ta ɗan yi sanyi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, duk sana'o'in biyu ba na raini ba ne, kuma ido rufe ake neman masu yin su. Sai dai akwai abin da nake so ku ji daga bakina kafin wani mai zaƙin baki ya riga ni.

Maganar ƙarancin ma'aikata da kuke ji gaskiya ce. A Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa Najeriya a jerin ƙasashe 55 da ta nemi ƙasashe masu arziki su daina zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu, kuma Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi duk suna ciki. In nas ta hau jirgi zuwa Ingila, gadajen da take kula da su suna nan inda ta bar su, sai nauyin ya faɗo kan na ƙasa da ita, har ya kai ga ɗan'uwan mara lafiya da ya shimfiɗa tabarma a baranda. A ɓangaren mota kuwa ba sai an kawo lissafi ba. Ku tambayi mai mota ƙirar shekarun nan gareji nawa ya zaga kafin a gano abin da ya kunna masa fitila a gaban sitiyari.

To amma ku duba da kyau wane ne aka rasa. Yara sun cika gareji maƙil, wani oga ɗaya na da goma sha. Masu farin kaya kuma ga su nan a kowane lungu, daga kemis zuwa ɗan asibitin unguwa. Wanda ya yi wuyar samu shi ne wanda ya koyi aikin ta hanyar da ta dace, yake riƙe da shaidar da hukuma ta yarda da ita, kuma ya san inda iyawarsa ta tsaya. Shi nake so kowannenku ya zama.

Bari in fara da ke, 'yata, don taki hanyar ta fi yawan ramuka.

A Amurka, tun wata doka ta 1987, mai taimakon jinya a gidajen kula da tsofaffi sai ya yi horon aƙalla awa 75, awa 16 daga ciki na gwajin hannu a gaban malami, ya ci jarrabawa, sannan a sa sunansa a rajistar jiharsa. Matsayi ne da doka ta san da zamansa, ta kuma shata masa iyaka. Na kawo miki wannan ne don ki gane bambanci, domin a nan gida abin da ake kira okzilari nas ba shi da irin wannan gindi. Asibitin kuɗi zai karɓi kuɗin iyaye, yarinya ta yi shekara ɗaya ko biyu tana shara tana kallon yadda ake allura, a ɗinka mata farin kaya, a yi walimar yaye har da hotuna, a miƙa mata takarda mai tambarin asibitin. Hukumar jinya ba ta san da wannan takarda ba. Gwamnati ba za ta ɗauke ta a matsayin nas ba, mai asibitin kuma zai biya ta abin da ya ga dama, don ya san ba ta da wurin zuwa. Ranar da tsautsayi ya gitta, ita za a kira jabu, ita 'yan sanda za su sa a mota. Na san da yawa cikin yaran nan masu tausayi ne, masu sauƙin hannu. Shi ya sa abin yake min ciwo.

Ƙofofin gaskiya suna nan a buɗe. Kwalejojin fasahar lafiya na jihohi suna horar da ma'aikatan lafiyar al'umma: shekara biyu ga ƙaramin mataki da ake kira JCHEW, shekara uku ga CHEW, kuma akwai hukumar da aka kafa tun 1992 mai yi musu rajista da ba su lasisi. Su ne ke riƙe da yawancin asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyukanmu, daga awon ciki zuwa rigakafin yara. Akwai kuma karatun ungozoma na shekara biyu da aka tsara don 'yan matan da za su koma yi wa ƙaramar hukumarsu aiki, ga kuma cikakken karatun nas ga wadda ta samu gurbi. In kina son babbar ƙofa, ki tanadi kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Waɗannan biyar ɗin su ne suka daɗe suna tare 'yan matan karkara, har sai da shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya ƙirƙiro shekarar share fage don a cike musu giɓin kimiyya kafin su shiga makaranta. In akwai darasin da ya ba ki ruwa, ki sake zama. Shekara ɗaya ce, kuma ta fi ki kwashe ashirin kina aiki a ɓoye.

Ko makarantar ma ki bincike ta. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya 26 da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba, ɗalibai da iyayensu aka bari da asara. Kada doguwar katanga da sabon fenti su ruɗe ki. Ku je da mahaifinki ku tambaya: wace hukuma ce ta tantance wannan kwas ɗin, ɗalibai nawa ta yarje a ɗauka, kuma 'yan bara nawa ne suka zauna jarrabawar hukumar? Akwai makarantar da ke da izinin mutum hamsin ta ɗebi ɗari biyu. Sauran sai sun kai ajin ƙarshe suke gane cewa sunansu bai taɓa shiga rajistar hukuma ba.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda ba a nunawa a hoton walima. Za a kawo miki tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya motsa kansa. Aikinki ki juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. Ki ɗaga zanin gado ki duba ƙugu, ki duba gefen kwatangwalo da diddige da kafaɗa, duk inda ƙashi ya tokare fata. In kin ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko ya yi tauri, to gyambon kwanciya ne ke sallama. Ki miƙe zanin kada ya tattare, ki tabbata ba jiƙe yake da fitsari ba, ki sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, ki ɗage diddigen daga katifa, sannan ki rubuta ki sanar da nas. In za ki ba shi kunu, ki zaunar da shi tukuna, ki ba shi kaɗan-kaɗan ki jira ya haɗiye, don in ya ƙware kunun ya bi hanyar huhu, ciwon da zai biyo baya na iya fin wanda ya kawo shi. Babu wanda zai tafa miki saboda gyambon da bai fito ba. Iyalansa ma ba za su san kin hana komai ba. Ki tambayi kanki tun yanzu ko za ki iya ɗaukar fo, ki wanke babban mutum sa'an kakanki ba tare da kin yamutsa fuska ba. In ba za ki iya ba, babu laifi, amma gara ki sani kafin a biya kuɗin makaranta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne unguwa. Daga ranar da aka gan ki da farin kaya kin zama likita. Za a ƙwanƙwasa miki ƙofa da dare: jikin Hajiya babu ƙarfi, a sa mata ƙarin ruwa, yaro na zazzaɓi, a yi masa allura. Za ki ji nauyin cewa a'a, ga kuma ɗan abin hasafi. Ki sani akwai babbar jijiya da ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa. Allurar da ta kauce daga sashen sama na waje ta same ta na iya barin yaro yana jan ƙafa har tsufansa, shi ya sa ake yi wa jarirai a cinya. Ƙarin ruwa kuma ga mai ciwon zuciya ko na ƙoda na iya taruwa a huhu. Mai ciki da ta zo da ciwon kai mai tsanani, fuska a kumbure, ido na ganin dishi-dishi, ba ta buƙatar maganin ciwon kai daga jakarki. A auna jininta a garzaya da ita babban asibiti kafin jijjiga ta kama ta. Za a ce kin cika tsoro, wasu su ce girman kai. Ki bar su su faɗa. Ma'aikacin lafiya na ƙwarai yana yawan cewa wannan ya fi ƙarfina, mu tura gaba.

Ki kuma riƙe bakinki. Za ki ga al'aurar mutane, ki san cutar da miji ya ɓoye wa matarsa, ki san budurwar da ta zo da abin kunya. Ko mahaifiyarki kada ta ji. Sannan don Allah kada ki koyi tsawar da wasu ke daka wa mata a ɗakin haihuwa. Matan karkara da yawa da ke haihuwa a gida, ba nisan hanya kaɗai ke hana su zuwa ba, har da baƙar maganar da suka sha a haihuwar fari.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙarancin ma'aikata bai nufin takardar ɗaukar aiki na jiran ki. Akwai masu lasisi da ke aikin sa kai shekara da shekaru a asibitocin ƙananan hukumomi, ana ba su na mota ko ma ba a ba su, saboda gwamnatoci ba sa maye gurbin waɗanda suka yi ritaya yadda ya kamata. Kuma kowa birni yake so, alhali giɓin yana ƙauye. Wadda ta yarda ta zauna inda babu wuta, ita ta fi saurin samun wuri, ita kuma ta fi saurin ƙwarewa. Batun fita waje kuwa, a Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi, 'yan Najeriya suka yi tururuwa. A Maris 2024 ta hana su tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar sababbi daga waje. A tsakanin nan dillalai sun sayar wa mutane takardun aiki kan miliyoyin naira, wasu suka sauka suka tarar babu aikin. Duk wanda ya zo miki da wannan zance yanzu, ki ce baffanki ya hana.

Kai kuma, ɗana, sana'ar da ka gani a wurin tsofaffin makanikai ba ita za ka tarar ba. Su sun tashi ne a kan Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Oga zai kara kunne a inji, ya kwance kafireta ya busa, ya gyara filogi, mota ta tashi. Allah Ya saka musu, sun riƙe ƙasar nan a kan taya shekara da shekaru. Amma motocin da suka cika titi yanzu kwamfuta ce ke raba musu mai da iska da wuta. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata 'yar kafa mai haƙori 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, kuma daga can da Turai ake kawo mana yawancin na hannu.

Kada ka ɗauka sayen na'urar shi ne iya aikin. A ce ka jona ta nuna maka P0171. Abin da take cewa kawai shi ne iska ta fi mai yawa a inji. Kamar mara lafiya ne ya ce wa 'yar'uwarka kansa na ciwo: ya faɗi inda yake ji, bai faɗi cutar ba. Malalacin bakanike zai aika mai mota ya sayo sabuwar sansa ta salansa, a ɗaura, a goge lambar, bayan kwana biyu fitila ta dawo. Mai haƙuri zai buɗe bonet ya bi tiyon iska da yatsa, ya lanƙwasa shi ya ga ko ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Zai auna ƙarfin famfon mai, ya duba ko injakta ta toshe, ya duba ko ƙurar hunturu ta rufe na'urar auna iska. Sau da yawa ɗan tsagin tiyo ne da bai kai tsawon farce ba. Wannan bin diddigin shi ne sana'ar, kuma shi ake biya da tsada.

Akwai al'adun gareji da za ka gani, kada ka gada. Mota ta yi zafi, maimakon a wanke lagireto a duba famfon ruwa, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. Inji kuwa an ƙera shi ya yi aiki a kusan digiri 90. In bai kai ba, kwamfuta na ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara mai, mai mota yana kukan shan mai bai san daga ina ba. Wani a zuba wa giyar CVT man giyar da ba nata ba, ta mutu cikin 'yan watanni. Mafi muni, fitilar gargaɗi ta dami mai mota, sai a zare ƙwan ko a liƙe ta da baƙin salatif.

Ga kuma sababbin abubuwan da ke kisa nan take. A mota mai haɗin batir da fetur irin su Prius, duk wayar da ka ga launin ruwan lemo tana ɗauke da wuta sama da bolt 200, ba a taɓa ta sai wanda aka koya wa kashe ta, da safar hannu ta musamman. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, mutane suka karkata ga mayar da motoci masu amfani da gas na CNG, gwamnatin tarayya kuma ta kafa shiri na musamman a kai. Aiki ne mai kasuwa, ina ma ba ka shawarar ka nemi horonsa. Sai dai tukunyar gas ɗin tana riƙe matsi mai ƙarfin bar 200, ba abin da mai walda zai haɗa a bakin titi ba ne. A Oktoban 2024 wata ta fashe a wurin shan gas a birnin Benin ta raunata mutane, aka kuma danganta abin da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba.

Saboda haka kada ka ce ka yi sallama da littafi. Taswirar wayoyin mota da bayanan kamfani da Turanci suke zuwa, kuma Fizis ɗin da kake gudu shi za ka tarar a kan mitar auna wuta. Ka haɗa gareji da takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Hukumar jarrabawa ta NABTEB tana ba da shaidar kwalejin fasaha. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ake zuwa a gwada abin da mutum ya koya a hannun oga a ba shi shaida a kai, hukumar horar da ma'aikata ta ITF da hukumar kula da ƙera motoci ta NADDC kuma suna shirya horo lokaci-lokaci. Mai mota ɗaya ba zai tambaye ka takarda ba, amma kamfanin da ke da motoci hamsin zai tambaya, kuma can ne kuɗin yake. Ka yi lasin tuƙi ma, kada ka fita gwada motar mutane babu shi.

Wajen zaɓen oga, kada ka bi wanda ya fi tara motoci. Ka je ka tsaya gefe ka ga yadda yake da yaransa. In an kwance inji yana kiran su su leƙa, yana cewa kun ga dalili? Ko kuwa aikensu sayen abinci da wanke sifana ne kawai shekara uku? Ka tambaya yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu. Shekarun farko za ka ga sa'anninka masu jan adaidaita sahu suna kirga kuɗi da yamma, kai kuwa sai baƙin mai a farce. Nan ne yawancin yara ke gudu, shi ya sa garejin ke cike da masu farawa, masu gamawa kuwa 'yan kaɗan. Ka daure.

Kada ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ya ɗaga ta. Kada ka zuƙi fetur da baki, kada ka mai da shi sabulun wanke hannu. In ka canza wani abu, ka miƙa wa mai mota tsohon ko bai tambaya ba, in kuma ɗan Beljiyam ka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ka ce masa ɗan Beljiyam ne, ka faɗi kuɗinsa na gaskiya, ka faɗi ladan aikinka daban. Birki da sitiyari da taya kuwa, in mai mota ya ce a lallaɓa saboda babu kuɗi, ka gaya masa ba za ka lallaɓa ba, don ba shi kaɗai zai hau titi ba. In aikin rewaya ne ko na giya da ba ka kai ba, ka nuna masa wanda ya iya, za ka ga ya dawo maka da wani aikin.

Mun yi magana da mahaifinku kan ɗawainiya. Ke, kuɗin fom da na jarrabawar shiga suna wuyana, amma sai kin kawo min sunan makarantar mun tabbatar da rajistarta tukuna. Kai kuma zan saya maka mitar auna wuta da takalmin aiki mai rufi. Na'urar bincike sai ka shekara a gareji, ogan ya shaida min ka fara bin waya da kanka. Kafin nan ka sayi littafi mai kauri, kana rubuta kowace mota da ta shigo, abin da mai ita ya ce, da abin da aka gano daga ƙarshe.

Ku gaida mahaifiyarku.

Baffanku.